Yadda Na Yi Jinyar Ruwan Kifina

Ranar da aka dawo da wuta bayan kwana huɗu, yara na ta ihun murna a layinmu, ni kuwa ina tsaye a falo ina kallon matatar tankin kifina tana aman wani baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Taransifomar unguwa ce ta ƙone a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maƙura, ɗan batirin da ke gidan kuma fankar yara muka bar wa. Na tuna da abincin kifi, na tuna da fitila, amma ban tuna da cewa matatar rufaffen gwangwani ce ba, kuma duk abin da ke raye a cikinta da iskar da ruwa ke kawo masa yake numfashi. Da ruwan ya tsaya cak sai suka shaƙe suka ruɓe, wuta na dawowa injin ya juye mini su a kan kifin.

Tankin na gilashi ne, tsawonsa santimita 90, faɗi 40, tsayi 45. In an cire gurbin yashi da duwatsu yana cin lita 130, wato jarka biyar da 'yan kai, irin jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25. Kifi goma sha takwas ne a ciki: gofi 12, moli 4, da mata da miji na kiribensis, wanda asalinsa ma na kudancin Najeriya ne da Kamaru. A baya na shuka balisneriya mai dogayen ganye kamar ciyawar fadama, a gaba kiriftokorin, sai anubiyas da na ɗaure a jikin wani itace. Wata bakwai yana tafiya lafiya lau, har na fara ɗaukar kaina gwani.

Abin da na yi a daren nan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Na kwance matatar, na kai sosonta bakin famfo. Ranar an kawo ruwan famfo, har ana jin ƙaurin kulorin a cikinsa, na wanke soson tas sai da ya koma fari kamar sabo. Audugar ciki na zubar na sa sabuwa. Na kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar na ruwan, na tona yashin ina tsotse datti har sai da saiwoyin shuke-shuken suka fito fili, sannan na cika da ruwan burtsatse da aka buga a lokacin. Da na gama, ruwan garau har kana ganin bangon falo ta cikinsa. Na kwanta ina jin na yi aikin kirki.

Kwana biyu shiru. A na uku na dawo daga sallar asuba na tarar da ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifin duk sun taru a sama suna buɗe baki suna haƙi, gofi biyu sun kife ciki a sama. Da rana ta ɗaga aka kunna fitila sai suka ɗan sauka ƙasa, na ce ƙila an tsira. Washegari da asuba, wasu uku.

Sai na kira Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara goma yana kiwon tarwada a tankunan siminti.

"Kawu, barka da yamma. Kifin nan nawa ne suke ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya."

"Kai ɗan nan, yanzu kifin da ba a ci ma sai an yi masa jinya? Cuta ce ta shige su. Ɗebi gishiri cikin tafi ka zuba, ka fasa kafso biyu na tetira ka bi da shi. In kana da shuwaka ka murza ka ƙara."

Gishirin na ji tsoronsa saboda shuke-shuke, shuwaka ba ni da ita, amma kafson, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, na zuba. Kafin kwana ɗaya ruwan ya yi kumfa ya koma ja-ja kamar shayin da ya kwana. Daga baya na fahimci dalilin da ya sa dabarar take yi wa Kawu aiki. Shi ruwansa kusan kullum yake buɗe famfo ya zubar ya zuba sabo, ba ya dogara da wata ƙwayar halitta ta tace masa komai, tarwada kuma tana iya hawa sama ta shaƙi iska kai tsaye. Ni kuwa tankina gaba ɗayansa a kan bakteriya yake tsaye, kafson kuma bai san mai amfani da mai cutarwa ba. 'Yan kaɗan da suka tsira a jikin yashi da ganye daga wankin da na yi, su na bi na ƙarasa.

A nan ne na haƙura da ƙiyasi na yi odar kwalin gwajin ruwa daga Legas, mai kwalaben ɗigawa, aka sako mini a mota na karɓa a tasha bayan kwana uku. Yadda ake yi ba wuya: ka ɗebi mililita 5 na ruwan a ɗan bututun gilashi, ka ɗiga maganin, ka girgiza, ka jira minti biyar, ka gwada launin da na jikin kati. Na amoniya ya kamata ya tsaya ruwan ɗorawa, nawa ya koma kore, miligiram 2 a kowace lita. Na naitirait ya kamata ya tsaya shuɗi mai haske, nawa ya rine ya koma ruwan makuba, 1. Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, ya nuna 8.0 (in lambar ta yi ƙasa da 7 ruwan ya yi tsami, in ta haura 7 ya karkata wajen kanwa). Zafin ruwa digiri 32.

Ga abin da lambobin ke faɗa. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, wato wajen da yake numfashi, ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye su ma suna ƙara ta. A tankin da ya zauna, akwai bakteriya irin su Nitrosomonas da ke mai da amoniya naitirait, sai wasu irin su Nitrospira su mai da naitirait naitiret, wanda shi gubarsa kaɗan ce kuma taki ne ga shuka. Sunayen biyun ƙarshe sun yi kama har suna rikita mutum, don haka a littafin da nake rubutawa na raɗa musu "ta tsakiya" da "ta ƙarshe". Waɗannan bakteriya ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin soso da yashi suke maƙale, wannan santsin ruwan ƙasa da na kankare da hannuna. A sabon tanki sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ke nan na mai da tankin wata bakwai ɗanye shar a dare ɗaya, da kifi a cikinsa. Farin da ruwan ya yi kuma wasu bakteriya ne daban, masu saurin hayayyafa, suka samu dattin da na tono suka cika ruwan, suna cinye iskar oksijin.

Batun asuba shi ma ya warware. Shuka tana ba da oksijin ne in akwai haske, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi kamar kifi. Ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 25 lita ɗaya tana ɗaukar kimanin miligiram 8, a wajen digiri 33 ta sauka kusan 7, alhali a zafin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Dare ya yi, fitila a kashe, shuka da bakteriya da kifi duk suna ɗiba a tukunya ɗaya, sai gab da asuba ta ƙare. Ga naitirait kuma, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin ko da akwai, har jinin kifin ya koma ruwan ƙasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne pH 8.0, domin shi ke yanke hukuncin ko amoniya za ta kashe ko ba za ta kashe ba. Amoniya a ruwa kashi biyu ce, mai guba da wadda ba ta cika cutarwa ba, kuma na'urar gwaji haɗa su take yi ta ba ka jimla. A pH 7 da zafin digiri 25, mai gubar ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 ta haura biyar cikin ɗari, in zafi ya kai 30 ta wuce bakwai. Mataki ɗaya a ma'auni, guba ta ninka kusan sau goma. Na gwada ruwan burtsatsenmu yana fitowa daga bututu: 6.6. Na bar shi a bokiti ya kwana: 7.4. Iskar kabon da ke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ce take fita, shi ya sa gwajin ɗanyen ruwa ke yaudarar mutum. To amma daga 7.4 zuwa 8.0 fa? Na ciro duwatsun tankin ɗaya bayan ɗaya ina ɗiga musu ruwan kal. Baƙaƙen ko gezau. Da na zo kan fararen tsakuwa sai ga kumfa tsiri-tsiri. Tsakuwar tarazo ce, ragowar aikin daɓen wani maƙwabci, autata ta tsinto wata guda kafin nan ta nace sai an yi wa kifi "hanya" da su. Dutsen farar ƙasa ne, a hankali yake narkewa yana ɗaga ruwan. Na tsince su kaf, tana tsaye tana kallona kamar na rushe mata gida.

Jinyar kanta ba ta da wani armashi, jigila ce kawai. Na hana su abinci kwana uku, daga nan sai ɗan mitsitsi bayan kwana bibbiyu. Kifi mai lafiya yana yin mako bai ci ba, tausayin mai shi ne ke kashe shi. Kullum da yamma in canza jarka biyu, da ruwan da ya kwana a buɗe a falon don zafinsu ya zo ɗaya. Na sayi ɗan injin hura iska mai caji, wanda ke ci gaba da aiki in an ɗauke wuta, na haɗa shi da matatar soso da ke zama a cikin tankin a buɗe, don kada abin da ya faru da gwangwanin ya sake faruwa. Na ɗage murfin na saita ƙaramar fanka tana shafar saman ruwan. A busasshiyar iskar bazara wannan kaɗai ya sauke zafin zuwa 29, dabarar randa ce ba wata ba, sai dai ruwan yana ƙafewa da sauri. Na gwada jefa gorar ƙanƙara sau ɗaya na daina, zafin sauka yake yi farat ɗaya ya sake hawa, wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa wahalar da kifi.

Sannan na koma ga gishirin Kawu, domin a nan yana da gaskiya. Kulorayid da ke cikin gishiri tana bin ƙofa ɗaya da naitirait wajen shiga jikin kifi, in ta fi yawa sai ta tare hanyar. Masu kiwon tarwada sukan nemi ta ninka naitirait sau goma. Da na yi lissafi a kan lita 130 da naitirait 1, abin da ake bukata bai wuce rabin ƙaramin cokali ba. Cikin tafi da ya ce da ya ƙone mini ganye. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce, "To ai ka ga dai gishirin ne."

Abin da ya fi komai taimako kyauta na same shi. Wani abokin aikina yana da tanki ya fi shekara uku, ya yanko mini rabin soson matatarsa, baƙi ƙirin da datti, ya ƙulla a leda da ruwan tankinsa. Na sa shi yadda yake ban wanke ba, bayan canjin ruwan kwanaki ya ɗebe ragowar kafson. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wancan ka wanke ka zubar, wannan kuma ka je ka roƙo?" Ban da amsar da zan ba ta. A kwana na tara da fara gwaji amoniya ta sauka sifiri. Naitirait ta hau 2 tukuna, ta tsaya nan har na fara fid da rai, sai a kwana na goma sha tara bututun ya tsaya shuɗi. Kifi bakwai na rasa, duk gofi. Kiriftokorin ganyensa ya narke gaba ɗaya ya zama kamar kunu, al'adarsa ce in ruwa ya sauya masa, na bar saiwar a ƙasa. Anubiyas kuwa ko a jikinsa. Ɗan gida ne, a rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake fitowa, irin da ke wurina ma an raɗa masa sunan Charles Barter, Baturen da ya bi ayarin mai bincike William Baikie yana tattara tsirrai a kogin Kwara ya rasu a Rabba a 1859.

Ana wata ga wata. Ban gama murna ba ruwan ya fara kore, cikin kwana biyar ya zama kamar miyar kuka, ba ka ganin kifi sai ya matso jikin gilashi. Gansakuka ce mai yawo a ruwa, kuma ba ta samun wuri sai in akwai taki da haske da yawa, shuke-shuken da za su yi takara da ita kuma sun raunana. Hasken na gane shi da wuri: rana ta karkato tana shigowa ta tagar yamma bayan la'asar, ga fitila da nake bari awa goma sha biyu don wai shuka ta farfaɗo. Takin ne ya ƙi fitowa, domin gwajin naitiret 5 yake nuna mini kullum. Sai da na sake karanta takardar kwalin a tsanake na ga laifina. Kwalba ta biyu tana da gari da ke kwanciya a gindi, sai an jijjiga ta da ƙarfi daƙiƙa talatin, bututun kuma minti ɗaya cur. Ni ɗan kaɗa ta nake yi. Da na bi ƙa'ida, bututun ya yi jawur, wajen 80.

Na ce to canjin ruwa zai sauke shi. Bai sauka yadda lissafi ya ce ba. Sai na gwada ruwan burtsatsen kansa: kusan 40. Ashe duk jarkar da nake zubawa da takinta take zuwa. Unguwarmu gida na jikin gida, kowa da shaddarsa da sokawe, burtsatsen kuma ba ta da zurfi sosai. A nan maganar ta bar kan kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a kan miligiram 50 a lita, saboda jarirai da ake dama wa madara da ruwan, kuma cutar da ake gudar musu ita ce dai wadda ta sa kifina haƙi, jini ya kasa ɗaukar iska. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Kwalin kifi ba ɗakin gwaji ba ne, 40 kuma bai kai 50 ba, amma matar ƙanena da ke goyo a sashen baya tun ranar ta daina haɗa madara da shi.

Koren ruwan na lulluɓe tankin da bargo kwana huɗu, babu fitila babu leƙe, injin iska na aiki. Da na yaye ya washe. Na sa labule mai kauri a tagar, na mai da fitila awa bakwai. Naitiret kuma kainuwa na nemo masa. Ita a saman ruwa take zama, tana shan iskar kabon daga sarari, don haka girmanta ba ya tsayawa, saiwarta kuma tana zuƙe amoniya da naitiret kamar mai jin ƙishi. Na ɗebo guda shida a wani kududdufi, da safar hannu ta roba, domin ƙananan katantanwar irin wannan ruwa su ke ɗauke da tsargiya. Mako biyu suka yi a bokiti ina sauya musu ruwa ina tsince ƙwai da tsutsotsi daga saiwar kafin su shiga tankin. Na yi musu zobe da bututun iska don kada su rufe saman gaba ɗaya su hana na ƙasa haske. Dashen Allah ce da gaske, duk Juma'a sai na kwashe cikin kwano na zubar a bola, ba a kwata ba.

Da damina ta sauka sai na samu abin surki. Ina shanya baho a tsakar gida in tari ruwan sama kai tsaye, ban da na indararo, saboda kwanon rufi yana sakin sinadarin zinki da ke cutar da kifi. Rabi na sama rabi na burtsatse, naitiret ya sauka ƙasa da 20. Na ce shi ke nan.

Mako biyar bayan haka moli suka fara tsuke fiffike suna rangaji a wuri ɗaya. Na gwada: pH 6.0, wanda shi ne ƙarshen katin, ƙila ma ya fi haka sauka, amoniya kuma ta sake leƙowa, 0.5. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, ban taɓa zaton zan ga karin maganar a bututun gilashi ba. Akwai wani ma'auni da ban kula da shi ba, KH, wato yawan sinadarin kabonet da ke tare tsami. Bakteriyar da ke cin amoniya suna cinye shi a aikinsu, kusan miligiram 7 a kan kowane miligiram ɗaya na naitirojin da ke cikin amoniyar. Na cire tsakuwar da ke ƙara shi, na surka da ruwan sama da ba shi da ko kaɗan. Da na sayo magwajinsa, ɗigo ɗaya ya sauya launi: digiri 1 ko ƙasa da haka. In tsami ya kai nan bakteriyar ma sanyi suke yi, shi ya sa amoniya ta dawo.

Uwargida ta ce, "Malam, in dai tsami ne ai kanwa ake sa wa. Da me muke kashe na yakuwa?" Gaskiyarta, kanwa kabonet ce. Amma na riga na sha wuya, sai na gwada a bokiti tukuna. Ɗan gutsure kamar ƙwayar wake ya wuce da launin har bayan 8.8, inda katin ya ƙare. Da a tankin na jefa, amoniyar nan da tsami ya ɗaure da ta kwance ta zama guba cikin mintuna. Na koma ga bekin soda, ba bekin hoda ta kek ba, wadda ita akwai sitaci da tsami a cikinta. Sodar ba ta ɗaga ruwa ya wuce wajen 8.3 komai yawanta, kuma ƙaramin cokali ɗaya a lita 50 yana ƙara KH kimanin digiri 4. Na fara canza jarka biyu don rage amoniyar, sannan rabin cokali a narke a kofi, sau ɗaya a rana, kwana uku. KH ya kai 3, pH ya zauna 7.0, moli suka buɗe fiffike.

Soda ta ɗan lokaci ce, kowane canjin ruwa sai an sake awo. Abin da ake bukata shi ne wani abu da zai riƙa narkewa da kansa in tsami ya taso, ya tsaya in ya lafa. Na tambayi auta ko tana da sauran tsakuwar nan. Ashe ta adana su a gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Na ɗebi cikin tafi ɗaya, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke tankin a da, na ƙulla a tsohuwar safa na sa a cikin matatar ruwan. Ta ce ita a waje take son su, inda za a gani. Muka daidaita a kan guda uku a gindin anubiyas. Asabar ɗin da ta wuce na rubuta a littafi: amoniya 0, ta tsakiya 0, ta ƙarshe 15, pH 7.2, KH 4, zafi 27. Kiriftokorin ya fito da ganye biyar sababbi, kiribensis kuma sun haƙa rami a ƙarƙashin itacen, macen cikinta ya yi ja, duk wanda ya matso sai ta kore shi.